Ƙofar da Ta Riga Bango

Kafintan bakin titi ya yi wa rabin unguwa ƙofofi, amma shi ƙofar ɗakinsa ta mai gidan haya ce, sai an tokare ta da gwiwa take rufuwa. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Da ya samu ɗan fili a bayan gari, matarsa ko leƙawa ba ta yi ba. Ta gaji da jin "baɗi in Allah ya so", har ta daina tambaya, shirun nan nata kuwa ya fi faɗa ci masa rai.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya zaɓi katakon da ya fi kyau a shagonsa, ya yanka, ya goge, ya shafa masa mai har yana ƙyalli, ya kai filin ya kafa ƙofa da firam ɗinta cikin siminti. Ba harsashi, ba bango, sai ƙofa tsaye cikin ciyawa, awaki na zagaye ta. Mutane suka samu abin dariya. Wani magini har sallama yake yi a bakinta, ya tsaya jiran a amsa.

'Yarsa mai karatun Turanci a kwaleji ta ce, "Baba, Turawa suna da kalmar irin wannan aiki: preposterous. Abin da hankali ba zai ɗauka ba."

"Zagi ne?"

"Kusan haka. Daga Latin aka samo ta, kalma biyu aka haɗa, gaba da baya. Wato ka sa na baya a gaba."

"To ai ba su yi ƙarya ba," in ji shi. Ya yi dariya, amma maganar ta tsaya masa a rai.

Ranar da ya lallaɓi matar suka je filin su uku har da 'yar, sai ya kai su bakin ƙofar. Ya miƙa wa matar makulli. Ta daɗe tana shafa katakon. Can ta buɗe, ta shiga cikin ciyawar, ta tsaya daga hagu ta ce nan za a yi kicin, ba can inda ya auna ba.

'Yar ta zagayo ta gefe za ta same ta.

"Ke, koma!" in ji uwar. "A gidana ba a shigowa ta katanga. Bi ta ƙofa."