Malam Rufe-da-Hannu

Malama Rahila maƙwabciyata ce ke rubuta mini wannan, don ni ban yi boko ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, in na yi kuka ta jira ni.

Duk wanda ya san mijina Malam a Gwarzo ya san ba ya iya wuce rumfar mai POS bai tsaya ba. Ko gishiri ya je saye, da ya ga mutum zai danna lambar katinsa sai ya ware babbar riga ya kare shi, yana cewa, "Rufe da hannu!" Har sunan ya bi shi. Ya daɗe da barin aikin banki, amma aikin bai bar shi ba.

Wata rana a kasuwa wani dattijo daga Madadi ya miƙa wa mai POS kati, ya hau kiran lambarsa da ƙarfi kamar mai kiran awaki. Malam ya dafa shi ya ce, "Alhaji, ƙara murya, mutanen Kabo ba su ji ba." Dattijon ya fusata ya ce, "Ina ruwanka da kuɗina?" Malam ya ce, "Ni ba ruwana, amma ga mutum ashirin nan da ka sa musu ruwa." Bai bar shi ba sai da ya raka shi banki aka canza lambar. Gishirin da ya je saye kuwa bai zo gida ba.

Da ya buɗe mini asusun kuɗin ƙuliƙulina, na ce ya riƙe katin, tunda ban san baƙi ba. Ya ce a'a, wata rana ba ya nan. Na ce ya daina mini mugun baki. Sai ya ɗauko faifai, ya jera gyaɗa uku-uku yadda madannan na'ura suke, ya ce, "Ba sai kin karanta ba, Inna Larai. Yatsa ma yana da hadda." Ya sa na zaɓi gyaɗa huɗu shi kuma ya juya wa bango fuska. Na ce, "Malam, bari in nuna maka, ko zan manta." Ya toshe kunne ya rufe ido, wai ko banki bai isa ya tambaye ni ba, balle miji. Kullum bayan la'asar sai na danna gyaɗa, shi kuma yana cinye waɗanda suka faɗo.

Haka ya hana ni ba da ƙuli don an nuna mini waya an ce an tura kuɗi. "Taki za ta yi ƙara, ba tasa ba." Har limamin unguwarmu sai da ya sa ya tsaya a soro jiran ƙara. Kunya kamar in nutse!

Sai kuma jarrabawa. Ya ari wayar Malam Yohanna, mijin Malama, ya toshe hanci ya kira ni. "Hajiya, daga banki ne, za a rufe asusunki, faɗa mana lambarki." Yana cikin magana tarin nan nasa ya kufce masa. Na ce, "Banki, in ka gama ka shigo, tuwo na hucewa." Ya shigo yana fushi, wai amsar ba ita ce ya koya mini ba. Abin da zan ce shi ne, "Zan zo da ƙafata," in kashe waya.

Tarin nan ne ya tafi da shi bara da damina.

Ina cikin takaba waya ta yi ƙara. Wani mai murya mai daɗi ya yi mini gaisuwa, ya kira sunan Malam daidai, ya ce daga tsohon wurin aikinsa ne, akwai haƙƙin mamaci da za a saka mini, amma sai na karanta musu lambar da aka turo wayata yanzu. A asusun nan duk abin da zan ci yake, na ƙuli da ɗan abin da Malam ya bari. Wallahi na miƙe zan kai wa Malama ta karanta masa. Sai na tsaya a bakin ƙofa da waya a kunne, na kama kaina ina jiran tari. Na jira, na jira, bai yi ba. Nan na tuna wanda zai yi tarin yana maƙabarta. Na ce, "Zan zo da ƙafata." Na kashe, na zauna a dakali na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na fita takaba na je banki. Suka ce ba wanda ya kira ni, kuma asusuna na nan lafiya. Na biya rumfar mai POS, na ja mayafi na rufe hannu da kaina, yatsana ya bi gyaɗarsa. Yaron ya ce, "Inna, yau ba babbar riga." Na ce babu.

Malama ta ce ko za a rubuta wace gyaɗa na zaɓa. Tsokana take yi. Shi ma ya tafi bai sani ba.

Allah, ka rufa wa Malam asiri yadda ya rufa namu, ka yalwata masa makwanci, ka sa in tarar da shi ya huta da tarin nan.