Ranar da likita ta mayar wa Kaka taɓaryarta

"Ɗaga hannun, Hajiya," in ji likitar gashin ƙashi. Kakata ta gwada, kafaɗar ta ƙi.

A shekarun 1970 ne, muna Doka. Tunda Baba ya samu aikin gwamnati ya ɗauko Kaka daga ƙauye, ko tsintsiya ya hana ta taɓawa.

"Wane aiki kike yi a gida?"

"Zama, 'yar nan. Ɗana ya ce na wuce daka."

Likitar ta harari Baba. "A mayar mata da taɓaryarta, ta riƙa yi kaɗan-kaɗan."

Washegari Baba ya tarar da ita gaban turmi. Zai buɗe baki ta ce, "Matsa, magani nake sha!"

Kafaɗa kuwa ta saki.

Ku fa, wace tsohuwa kuka zaunar da sunan gata?