Kujerar da Ta San Tsawon Dogo

Ranar Asabar ɗin, ƙarfe bakwai na safe, Dogo ya fito tsakar gida da bokiti da soso. Mahaifinsa, tsohon malamin kimiyya da kowa ke kira Malam, yana bakin taga yana kallon yadda yake wanke ƙafafun motar ɗaya bayan ɗaya, har da tsohon buroshin haƙori.

Ƙarfe takwas suka sha shayi.

"Ni da na haife ka, ko bayana ba ka taɓa cuɗawa haka ba," in ji Malam.

"Baba, ai kai sabo muka same ka. Ita ta hannu ce, sai da lallashi."

Ƙarfe tara ya tayar da ita, gilasan tagogi suka kama rawa. Ya leƙo ya ce, "Zo mu zaga, ka ji yadda take." Malam ya ba shi amsar da ya saba: ƙafarsa lafiya lau. Dogo ya tafi gareji, sai ƙarfe uku ya dawo da baƙin mai a farce, bakinsa cike da "Kawu ya ce". Ƙarfe biyar ya ce kansa na sarawa, bari ya ɗan kwanta. Kafin rana ta faɗi an kai shi asibitin da yake aikin gwajin jini. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ya rasu yana da shekara talatin da huɗu.

Dogo mutum ne mai shiru, bai yi aure ba, ba ya yawo. Shekara tara ya yi yana shiga motar haya da hoton mota ɗaya a wayarsa: baƙar jif, silinda takwas, kujerun fata, gudu kamar an koro ta. Ranar da ya shigo da ita gida, Malam ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Wato jami'ar da na kai ka, ƙarar inji ka je ka sayo." Bai taɓa shigarta ba.

Kawu kuwa ba dangi ba ne. Wani gajeren bakanike ne da ya raka Dogo duba motar, ya kwanta ƙarƙashinta, ya shinshina man inji, ya ce a saya. Tun daga nan, sa'a shida ta kowace Asabar tasa ce, har shekara huɗu. Rabon Malam kofin shayi. Duk sanda ya ji "Kawu" a bakin ɗansa, sai ya ji kamar an taka masa yatsa.

Sati biyar bayan rasuwar, motar ta durƙushe a inda take, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Mahaifiyar Dogo ce ta kira Kawu, domin Malam ya ƙi.

"Iska ce ke ɗaga ta, Malam," in ji Kawu, yana shafa gefenta. "Ba ta son zama. In batir ya mutu murus, irinta har kujera takan manta."

"Manta me?"

Kawu ya jona mata wani batirin, ya buɗe ƙofa, ya nuna maɓallai uku. "Zauna, ka danna na ɗaya."

Malam ya zauna ya danna. Kujerar ta ja baya a hankali, ta ɗan kwanta, sitiyari ya ɗago, madubai suka juya. Ƙafarsa ba ta kai birki ba. Ya miƙa ta ya sake miƙawa, ta tsaya a iska. Ya daɗe a haka, hannunsa bisa gwiwa.

"Na biyun fa?"

Kawu ya sosa ƙeya. "Nawa ne. Saboda gwaji. Yana tsokanata wai ko da matashi aka ƙara mini ba zan hango hanya ba."

Malam bai san ɗansa na irin wannan tsokanar a waje ba. Ya ɗauka tasa ce shi kaɗai.

"Me kuke cewa tsawon sa'a shida?"

"Mota. Wani lokaci aure. Wani lokaci kai."

"Ni me?"

"Wai wata rana za ka gaji da ƙafarka." Kawu ya taɓa maɓalli na uku. "Wannan babu kowa a kai. In kana so, yanzu in saita maka."

"Ba kai ne za ka ba ni ba," in ji Malam.

An raba tufafin Dogo ga 'yan'uwa. Takalmansa sun yi wa kowa yawa, sai wani abokin aikinsa ya ɗauka. Littattafai aka kai ɗakin karatun asibiti, mahaifiyarsa ta riƙe agogo. Mutum uku sun zo taya motar, Malam ya ce ba ta sayarwa ba ce.

Yanzu duk Asabar ƙarfe tara Kawu yakan zo, ya danna na biyu, ya zaga da ita unguwa. Malam na gefensa, yana yi masa tambayoyi, yana jin haushin kowace amsar da bai sani ba. In sun dawo, Malam da kansa yake danna na ɗaya kafin ya kulle ƙofa.