Ruwan da Ya Zubo Daga Ƙahon Baba

Jama'a, abin nan da zan ba ku wallahi a gabana ya faru, kuma har yau in na tuna, ɓacin rai ne ke fara zuwa mini kafin tsoro. Shekarun baya ne, ina aikin jinya a Riyad, sai wani injiniya ɗan ƙasarmu ya roƙe ni in riƙa biyawa gidansa a unguwar Ulaisha in na tashi aiki, ina duba mahaifinsa da ya ɗauko daga Jos, tsoho tukuf, ciwon ƙirji ya cinye shi.

Ashe Baban nan ba ƙaramin mutum ba ne. Cikin 'yan badujala ya fara tun yana saurayi, daga baya ya kafa ƙungiyarsa ta kiɗan jaz zamanin da kuza ke tashe, shi ne shugaba, kuma shi ke busa ƙaton ƙahon nan na tagulla da ake rungumewa kamar tulu, mai murya can ƙasa. Ya ce sauran masu busa duk a kan muryarsa suke tafiya, in ya tsaya kowa ya rikice. Tare da ƙahon ya zo Riyad, don ya rantse ba zai hau jirgi ba sai da shi. Shi ya gaya mini duk ƙahon da aka busa sai ya tara ruwan numfashi, akwai ɗan murfi a ƙasa da ake dannawa a zubar, wanda ba a busa ba kuwa a bushe yake ƙamas.

To shi ɗan nasa wai kunyar abin yake ji, mutumin da da wannan busar aka raine shi har ya zama abin da ya zama! Ya cusa wa ƙahon tsumma, ya jefa ɗakin shirgi ya kulle. Baba kuwa ba abin da yake roƙo sai a bar shi ya busa sau ɗaya kafin ya mutu. Na ce, "Injiniya, don Allah ka ba shi, wanda ko shayi ba ya iya hurawa, ai rungumewa kawai zai yi." Ya ce, "Malam, nan Riyad ne, ɗaliban ilimin addini na shigowa gidan nan. Kai dai ba shi magani, khalas, shi ke nan."

Haka Baba ya rasu bai taɓa ƙahon ba, muka kai shi maƙabartar Al-Oud.

Ana zaman gaisuwa bayan la'asar, falo cike, wani dattijo ya tambayi sana'ar marigayi. Ko kunya babu injiniya ya ce, "Ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa." Bai rufe baki ba muka ji ta, wata doguwar murya can ƙasa, a ƙirji kake jin ta kafin kunne, har kofunan shayi na rawa a kan tire. Ya yi wuf ya ce mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki. Aka kashe. Muryar ta ci gaba da abinta, sannan ta sauka a hankali kamar numfashin mai busa ya ƙare.

Da mutane suka watse na ce wa injiniya sai ya buɗe ɗakin shirgin nan, raina a ɓace, ban ma damu da gidansa ba ne. Ga ƙahon a yashe, ƙura ta rufe shi, tsumman na nan yadda ya cusa. Wata da watanni yana kulle, a garin da in ka shanya riga kafin ka juya ta bushe. Na danna murfin nan, sai ga ruwa shaaa, a kan ƙafar injiniya. Na sa hannu, da ɗuminsa. Ni ma'aikacin jinya ne, na san ɗumin da ke fita daga bakin mai rai.

Kun san me ya yi? Washegari ya ɗauki ƙahon ya ba 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ban sake taka gidansa ba, ko gaisuwarsa ba na amsawa da daɗi.

Ni ban san wa ya busa ba, Allah ne masani. Amma don Allah, in tsohonku ya roƙi ɗan abu irin wannan, ku ba shi tun yana iya miƙo hannu ya karɓa.