Tukunyar Inna Habsatou Ta Sauka

Duk ranar Asabar, tun masu shaguna ba su ɗaga ƙofofinsu ba, za ka ga Inna Habsatou tana jan keken cefanenta a hawan unguwar Highbridge, nan Amurka. Takan tsaya ta dafa gwiwa, ta yi salati, ta ci gaba. A keken akwai kabewa, wake, busasshen zogale, daddawa da ƙuli-ƙuli. Babu ko tsoka ɗaya. A ɗakin ƙasa na wani tsohon bene take ɗora tukunya, ta ciyar da duk wanda ya shigo, kyauta.

Mutuniyar Maraɗi ce. Mijinta, Malam Issoufou, direban tasi ne, abincinsa tsire da soyayyar kaza a cikin mota safe da yamma, har hawan jini ya kayar da shi a kan sitiyari. Da ta fita takaba sai ta nemo wata ƙungiyar sa-kai mai kiran mutane su bar cin nama. Su suka kama mata ɗakin, suke kawo kayan miya, bisa sharaɗi guda: kada nama ya shiga tukunyar.

"Ni ban ce haram ba ne," haka take gaya wa direbobin tasin da ke zuwa cin abinci. "Cewa na yi ku bar jijiyoyinku su huta."

Su kuwa sai tsiya. "Haba Inna, mu awaki ne? Mutum ya haye teku ya zo Amurka cin rama?"

"Ci dai, ɗan nan. Ka taɓa ganin akuya a layin wankin ƙoda?"

A yi dariya, a miƙo kwano neman ƙari. Abdulmumini mai sayar da huluna a bakin titi har yau yana rantsuwa cewa fatenta ne ya hana a yanke masa ƙafa, lokacin da ciwon suga ya kwantar da shi. Kullum sai ta hau bas da kula a hannu ta kai masa asibiti, alhali ba dangin iya, ba na baba.

Inna Habsatou, ke ce uwar da ba ta tambayar ɗa garinsu kafin ta zuba masa. Ke ce kika tuna mana dambun zogalen da muke jin kunyarsa shi ya raini kakanninmu.

Sai ga ranar da shugabannin ƙungiyar suka ce za su zo ganin aiki. Zeinabou mai kitso, maƙwabciyar Inna, ta kasa zaune ta kasa tsaye.

"Yaya, baƙi fa! Miya ba nama? Su tafi su ce mu marowata ne?"

"Zeinabou, su ma ba sa ci."

"Kawaici ne kawai. Baƙon ƙwarai ai cewa yake ya ƙoshi. Wa ke ƙin nama?"

Inna na fita alwala, Zeinabou ta zazzage ƙafar saniyar da ta dafo a gida cikin miyar taushe, ta juya, ta rufe. A zuciyarta rufin asiri ta yi.

Baƙi suka ci suna yabo, har ludayi ya ɗago ƙashi. Wata daga cikinsu, wadda tun ƙuruciya nama bai taɓa bakinta ba, ta toshe baki ta fice da gudu. Shugabansu ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Inna ta dubi ƙashin, ta dubi matan da suka sunkuyar da kai, ta ce, "Tukunyata ce."

Suka ce amana ta karye, suka janye hannu, har da kuɗin hayar ɗakin.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi girkin ƙarshe. Mun cika ɗakin, mun ci, mun suɗe, amma babu wanda ya ce ga wani ɗaki. Haka muke. Idan ɗayanmu ya faɗi, nan da nan mun haɗa kai mun tura gawa gida. Abin da zai hana shi faɗuwar ne ba mu da lokacinsa. Gwiwoyin Inna sun gaji, mu kuma gobe za mu koma wa kazarmu.

Ana kwashe kwanuka Zeinabou ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shiga. Mijinta Abdoulaye ya fara zuwa wankin ƙoda, likita ya hana shi jan nama, ita kuwa ba ta san miyar da za ta yi masa ba.

"Shigo ki ɗauki tukunyar nan," in ji Inna.

"Yaya, ni? Bayan abin da na..."

"Ban tambaye ki ba. Ki ƙara daddawa, ki daka gyaɗa da laushi. Ba zai nemi nama ba."

Inna Habsatou, mun gode, ko da yake godiyarmu ta makara. Allah Ya saka miki, Ya jiƙan Malam Issoufou, Ya ba gwiwoyinki sauƙi.

Asabar mai zuwa Zeinabou za ta ɗora tukunyar a ɗan kicin ɗin gidanta. Allah kaɗai Ya san ko wani zai je. Wanda zai je ya riƙo kabewa ko wake. Kuma don girman Allah, kada ya rufa wa kowa asiri.