Baba Dogo Mai Turbuɗe Yaɗon Kabewa

An mari dattijo a kan kabewa, kuma har yau ba wanda ya je ya ba shi haƙuri.

Baba Dogo shi ne mai ban ruwa a lambun da ke bayan gidajenmu, inda kowane gida ke da ɗan filinsa. Da sassafe zai ja ruwa a rijiya, ya bi fili fili da bokiti. In ya iso wurin kabewa sai ya tsuguna, ya bi yaɗon da hannu, duk 'yan gaɓoɓi ya ɗebi ɗanyar ƙasa ya turbuɗe guda. Ba wanda ya sa shi, shi kuma ba mai surutu ba ne.

Matar tela ce ta hango shi ta katanga. Lokacin 'yarta na kwance ba lafiya.

"Wallahi tsohon nan wani abu yake binne mana!"

Maza suka fito da fartanya. Baba Dogo ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Lafiya, 'ya'yana?"

"Me ka binne?" in ji tela.

"Yaɗo ne. Inda ƙasa ta rufe, nan yake yin sabuwar saiwa. Ko tsutsa ta ci gindin..."

Bai ƙarasa ba tela ya ɗauke shi da mari. Aka tona. Ba laya, ba ƙulli, sai fararen saiwoyi sirara da fartanya ta tsinke. Kowa ya sunkuyar da kai ya sulale gida. Mahauci ne kawai ya iya cewa, "To ai da ka faɗa tun farko." Kamar an taɓa tambayarsa.

Washegari ya dawo da bokitinsa. Ya tsuguna a filin tela ya mayar da ƙasar da aka tone. A shekarar tsutsa ta huda gindin kabewa kaf, amma yaɗon bai mutu ba, saiwoyin gaɓa suka riƙe shi. Muka ci, muka kai wa dangi, ba ko godiya.

Baba, kai ne ka shayar da lambun nan tun gashinka na baƙi. Mu ne muka tsaya muna kallo aka ɗaga maka hannu. Mun gode, kuma ka yafe mana, in za ka iya.

Yanzu gwiwa ta hana shi aiki, yana zaune a ƙofar ɗakin 'yarsa. Duk mai kabewa ya riƙa turbuɗe yaɗonsa yadda ya ga Baba na yi, wanda ya ga abin da bai gane ba kuma ya tambaya kafin ya ɗaga hannu. Ku je ku gaishe shi. In kun je, ku zauna ta damarsa ku ɗaga murya, don kunnensa na hagu bai ƙara jin komai ba tun ranar marin.