Karsanar da Bawa ya cinye

A Masama kowa ya san Bawa da bakin neman gafara. Ya taka ka, kafin ka ce wash ya ce ka yafe, gobe ya sake taka ka a daidai wurin. Asma'u, Bafulatanar da ya auro daga rugar bayan Dalijan, ta yi shekaru tana haɗiye wannan hali kamar maɗaci. Kullum tana Kalgo da ƙwaryar nono a ka, tana sayar wa ɗalibai fura, shi kuwa yana gindin bishiya yana yafe wa kansa.

Wanta Siddiƙu ya ba Bawa riƙon karsana irin na Fulani: ka kiwata ta, in ta haihu ɗan naka ne, uwar ta koma gida. Amana ce da ba a ba kowa. Bawa ya dube ta, bai ga amana ba, tsire ya gani. Da sunan ɗan ƙanensa ya zo, ya kayar da ita don a ce yana da hannu. Har rugar ya aika da cinya, ɗan banza!

Tun ranar, in Siddiƙu ya biyo ta gidan, a tsaye yake gaisuwa, ruwan ƙanwarsa ma ba ya sha. Wannan ne ya hana Asma'u sukuni.

Bawa kuwa ya kwashi liman da mutanen unguwa a babura, suka dira rugar. Ya zube gaban jama'a yana sharɓe majina.

"Yaya Siddiƙu, na ci amana! Ka yafe don Allah, ga shaidu!"

Bafulatani ya faɗi zafin ransa gaban taro? Siddiƙu ya sunkuyar da kai, ya sa aka kawo wa baƙi nono. Bawa ya sha ƙwarya biyu, ya dawo yana sakin gyatsa.

"Kin gani? An wuce wurin."

"Ka yanka mai saniya, ka koma ka yanka mai fuska," in ji Asma'u. "Tir! Mu can ba a roƙo da ganga, Malam."

"To mi zan yi, in haifo wata?"

"Ka rufe baki. Shi ɗai ne ba ka taɓa gwadawa ba."

Da kaka ta yi, Bawa na shirin sayar da karan gonarsa da harawa, ta tsaya a kai ta ce ko tsinke ba zai fita ba. Ta aika rugar cewa gona ta tashi, wato shanu na iya shiga kiwo, ba ta ƙara kalma ba. Kwanaki suka shuɗe shiru, har ta fara cire rai. Sai wata safiya ga garken Siddiƙu cikin gonar.

Ta kai masa fura gindin gawo, ta kira shi yadda Fulani ke kiran yaya.

"Hamma, ga ruwa."

Ya daɗe yana kallon shanunsa, sannan ya zauna, ya karɓa, ya sha.

Sai ga Bawa da gudu, baki har kunne. "Alhamdu lillahi! Yaya, tunda an shirya, waccan jar karsanar..."

Asma'u ta dunƙula fura ta cusa masa a baki. Siddiƙu ya kau da kai, ya ci gaba da sha.